Waƙa a Bakin Mai Ita Ta Fi Daɗi: Yaƙin Biyetnam a Alƙalamin 'Ya'yanta

Ya ku 'yan'uwa malamai, da yawa daga cikinmu da suka haura shekara arba'in sun fara jin sunan Biyetnam ne a gidan silima, ko a ɗakin kallon bidiyo na unguwa inda ake biyan ɗan abin da ba a rasa ba a zauna a kan benci. A can muka ga Rambo ya koma dajin ƙasar domin ya ceto sojojin Amurka da aka tsare, a can kuma muka ga Chuck Norris yana irin wannan aiki. Mun yi tafi, mun yi sowa, duk lokacin da jarumi ya buɗe wuta mutane suka yi ta mutuwa kamar kiyashi. Babu ɗayanmu da ya taɓa tambayar sunan masu mutuwar. A fim ɗin ba su da suna, ba su da uwa mai jiran dawowarsu, da wuya ma su furta kalmar da za a damu da fassara mana. A ƙasarsu ake yaƙin, gonakinsu na shinkafa ke ci da wuta, amma labarin na baƙo ne, kuma mu ma da idon baƙon muka kalla.

Abin da ya sa muka tayar da wannan magana shi ne, a cikin shekaru talatin da 'yan kai da suka gabata 'ya'yan Biyetnam sun ɗauki alƙalami sun rubuta labarin yaƙinsu da na gudun hijirarsu da kansu, har wasu daga cikin littattafan suka ci manyan lambobin yabo na adabi a duniya. Ra'ayinmu shi ne ya kamata malamin makaranta ya san waɗannan littattafai, ko da kuwa lissafi yake koyarwa. Aikinmu na kullum ya ƙunshi ba wa yara labarin mutanen da ba su taɓa gani ba, kuma yadda muka siffanta musu mutane haka za su ɗauke su har girmansu. Marubutan Biyetnam sun nuna cewa wanda aka yi yaƙi a ƙofar gidansa ya fi kowa cancantar a saurare shi. Sun kuma nuna cewa idan mai gaskiya ne ba zai wanke kansa tas ba, kuma ba zai yarda a mayar da shi abin tausayi kawai ba. Wannan darasi ya shafi allo da alli kai tsaye, kamar yadda za mu gani.

Kafin mu shiga littattafan, bari mu tuna wa kanmu tarihin a taƙaice. Faransa ta yi wa Biyetnam mulkin mallaka har zuwa 1954, lokacin da aka ci sojojinta da yaƙi a Dien Bien Phu. Yarjejeniyar Jeniba ta wannan shekara ta raba ƙasar biyu: Arewa a hannun 'yan kwaminisanci ƙarƙashin Ho Chi Minh, Kudu kuma a hannun gwamnatin da Amurka ke mara wa baya. A watan Maris na 1965 rundunar yaƙin Amurka ta sauka a Da Nang, kuma zuwa 1968 sojojinta a ƙasar sun haura dubu 500. An sa hannu a yarjejeniyar Faris a watan Janairun 1973, Amurka ta janye mayaƙanta, sannan ranar 30 ga Afrilun 1975 birnin Saigon, hedikwatar Kudu, ya faɗa hannun dakarun Arewa. A Washinton akwai bango na baƙin dutse da aka buɗe a 1982, ɗauke da sunayen Amurkawa sama da dubu 58 da yaƙin ya ci. A ɗaya ɓangaren kuwa, ƙiyasin da gwamnatin Biyetnam ta bayar a 1995 ya nuna fararen hula kimanin miliyan 2 ne suka mutu, da mayaƙan ɓangarenta kimanin miliyan 1.1, ban da sojojin Kudu da aka ƙiyasta sun haura dubu 200. Duniya na kiran abin Yaƙin Biyetnam. Mutanen ƙasar suna kiransa Yaƙin Amurka. Tun daga suna ake fara gane bakin da labari ya fito.

Littafin da ya fi shahara a wannan fage shi ne The Sympathizer na Viet Thanh Nguyen, wanda ya fito a 2015 ya kuma ci lambar yabo ta Pulitzer a fannin ƙagaggun labarai a 2016. An haifi marubucin a 1971 a garin Ban Me Thuot. Yana ɗan shekara huɗu iyayensa suka gudu da shi a 1975, suka sauka a sansanin 'yan gudun hijira na jihar Pensilbeniya, inda aka raba shi da su na wani lokaci aka kai shi hannun wani iyali na Amurkawa. Daga baya iyalin suka koma San Jose a Kalifoniya suka buɗe kantin kayan abinci. Yau malamin jami'a ne, wato abokin sana'armu. Ya taso yana kallon finafinan da muka kalla, bambancin kawai shi ne fuskokin da ake harbewa irin tasa ce da ta mahaifinsa.

Mai ba da labari a littafin ba a faɗi sunansa ba. Kyaftin ne a rundunar Kudu, na hannun daman wani Janar, amma a ɓoye ɗan leƙen asirin 'yan kwaminisanci ne. Mahaifiyarsa 'yar Biyetnam ce, mahaifinsa kuwa limamin cocin Katolika ne Bafaranshe wanda bai amsa shi a matsayin ɗa ba, don haka tun yana yaro ake masa gorin asali. Ya yi karatu a Amurka, ya san harshenta da halayenta. Da Saigon ta zo faɗuwa, sai iyayen gidansa na ɓoye suka umarce shi ya bi Janar zuwa gudun hijira ya ci gaba da aiko musu da rahoto. A filin jirgin sama, ana ruwan wuta, amininsa Bon ya rasa mata da ɗa a gabansa. A Los Anjeles muka ga abin da hijira ke yi wa manya: Janar mai ba da umarni ga dubbai ya koma mai shagon sayar da giya, tsofaffin hafsoshi sun koma leburori, suna taruwa suna mafarkin komawa su ƙwato ƙasar da ta riga ta kuɓuce musu.

Babin da ya fi taɓa mu shi ne wanda aka ɗauki kyaftin ɗin aikin ba da shawara ga wani babban mai shirya fim na Holiwud, da ke yin fim a kan yaƙin a ƙasar Filifin. Masu nazari sun daɗe da gane cewa shaguɓe ne ga fim ɗin Apocalypse Now na 1979, wanda shi ma a Filifin aka ɗauke shi. Kyaftin ya karanta rubutun fim ɗin ya tarar babu ɗan Biyetnam ko ɗaya da aka ba wa maganar kirki, sai kururuwa da mutuwa. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya gyara, abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. An kwaso 'yan gudun hijira na gaske daga sansani ana biyansu 'yan kuɗi kaɗan domin su sake mutuwa a gaban kyamara. Mai karatu zai yi dariya, sai daga baya ya ji kunya, musamman idan ya taɓa zama a kan bencin da muka ambata. Ƙasar da ba ta yi nasara a fagen fama ba ita ce ta mallaki masana'antar da ke gaya wa duniya yadda faman ya kasance.

Da a nan littafin ya tsaya, da ya zama ƙorafi kawai a kan Amurka, kuma da bai kai darajar da ya kai ba. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, marubucin kuwa ya ƙi taka nasa tudun. Kyaftin ɗin da hannunsa a cikin kisan mutanen da ba su ji ba su gani ba, domin ya rufe asirin kansa. Da ya koma gida tare da wasu tsofaffin sojoji aka kama su, ɓangaren da ya yi wa hidima shekara da shekaru ne ya jefa shi a sansanin da ake kira na gyaran tunani. Littafin gaba ɗaya takardar amsa laifi ce da aka tilasta masa rubutawa a can. An yi ta mayar masa da ita, an gana masa azaba, har sai da ya tuna abin da ya ɓoye wa kansa: ranar da 'yan sandan Kudu suka ci zarafin wata mace 'yar ɓangarensa, yana wurin yana kallo bai ce uffan ba. Juyin juya halin da ya yi alkawarin 'yanci shi ne ya gina kurkuku, wanda ya guje wa zalunci kuma shi ma ya yi zalunci. Babu ɓangaren da ya fita da farar riga.

Tarihi ya gaskata wannan tsayuwa ta marubucin. A watan Maris na 1968 sojojin Amurka sun kashe ɗaruruwan ƙauyawa, mata da yara da tsofaffi, a My Lai. A farkon wannan shekara kuma, lokacin da dakarun kwaminisanci suka riƙe birnin Hue na 'yan makonni, an kashe fararen hula masu yawa da daga baya aka tono gawarwakinsu a ramuka. Bayan 1975 an tsare dubun dubatar jami'ai da sojojin Kudu a sansanoni, wasu na tsawon shekaru. Malamin da ya koyar da ɗaya ya ɓoye ɗaya ya zama maroƙin wani ɓangare, ko da bai sani ba.

Daga ɓangaren waɗanda suka yi nasara kuwa, akwai littafin Bao Ninh da duniya ta sani da suna The Sorrow of War, wato baƙin cikin yaƙi. An haifi marubucin a 1952, ya shiga rundunar Arewa a 1969 yana ɗan shekara goma sha bakwai. Daga cikin matasa 500 na rundunarsa, goma ne suka tsira, yana ɗaya daga cikinsu. Da harshen Biyetnam ya rubuta littafin, kuma da farko ya fito ne da wani suna mai nufin makomar soyayya. Ƙungiyar marubutan ƙasar ta ba shi lambar yabo a 1991, fassararsa ta Ingilishi kuma ta ci lambar jaridar Independent ta Ingila ta ƙagaggun labaran ƙasashen waje a 1994. Jarumin littafin, Kien, soja ne da aka sa aikin tattara ƙasusuwan 'yan'uwansa a dazuzzukan tsakiyar ƙasar bayan an gama yaƙi. Ya koma Hanoi a raye, amma barci ya gagare shi, soyayyarsa da Phuong ta ƙuruciya ta tarwatse, sai rubutu cikin dare ya zame masa mafaka. A ƙasar da aka saba rera waƙar jarumtaka, wannan littafi ya zo da tsoro da yunwa da gudu daga fagen fama da nadama, kuma ya sha suka daga masu ganin ya rage wa nasara kwarjini. Abin da muka ɗauka daga gare shi shi ne, ko wanda bai bar ƙasarsa ba yana iya zama baƙo a cikinta idan yaƙi ya gama da shi.

Sai kuma masu hijira ta teku. Tsakanin 1975 da 1995 mutane kimanin dubu 800 ne suka isa wasu ƙasashe bayan sun bar Biyetnam a ƙananan jiragen ruwa, ban da ɗimbin da igiyar ruwa da ƙishirwa da 'yan fashin teku suka halaka a hanya. Kim Thúy na cikin waɗanda suka tsira. An haife ta a Saigon a 1968, ta bar ƙasar tana 'yar shekara goma, ta zauna a sansani a Maleshiya, sannan iyalinta suka samu mafaka a lardin Kebek na Kanada. Ta yi ɗinki, ta yi tafinta, ta yi aikin lauya, ta riƙe gidan abinci, kafin ta rubuta littafinta na farko da Faransanci, mai suna Ru, wanda ya fito a 2009 ya ci lambar yabo ta Gwamna Janar na Kanada a 2010. Kalmar a harshen Biyetnam tana nufin waƙar reno, a Faransanci kuma 'yar ƙorama. Littafin guntaye ne na tunani, wani ko shafi bai cika ba, kamar yadda abin da ya wuce ke zuwa wa mutum a gutsure. A cikinsa muna ganin iyali masu wadata da suka wayi gari suna karɓar tsofaffin tufafi daga hannun masu kyauta, suna godiya da zuciya ɗaya, suna kuma jin nauyin zama masu karɓa kullum. Duk wanda ya taɓa raba kayan agaji ya kamata ya san cewa mai miƙo hannun nan jiya shi ke bayarwa.

Amma littafin da ya fi kusa da aikinmu shi ne Inside Out and Back Again na Thanhha Lai, wanda aka rubuta domin yara, cikin gajerun baitoci marasa amsa-amo, ya kuma ci lambar yabo ta ƙasa ta Amurka a fannin adabin matasa a 2011. Labarin wata yarinya ce 'yar shekara goma mai suna Hà, wadda mahaifinta sojan ruwa ya ɓace a yaƙi. Ta bar Saigon tare da mahaifiyarta da yayyenta maza uku, ta bar bishiyar gwandar da ta shuka da hannunta kafin 'ya'yanta su nuna. Suka sauka a jihar Alabama, inda ita ma marubuciyar ta sauka a ƙuruciyarta. A gida Hà yarinya ce mai kaifin basira. A sabon ajinta kuwa, da yake ba ta jin Ingilishi, sai malama ta sa ta karanta baƙaƙe da ƙirge na 'yan aji ɗaya, ta kuma sa ɗalibai su tafa mata. Malamar da kyakkyawar niyya ta yi, amma yarinyar ji ta yi an mayar da ita daƙiƙiya. Wata rana kuma malamar ta so ta nuna wa aji ƙasar da baƙuwarsu ta fito, sai ta kawo hotunan yaƙi, na ƙonannun yara da masu turereniyar tserewa. Yarinyar ta so a ce an nuna gwanda da bikin sabuwar shekara. Wadda ta ceto ta a ƙarshe wata maƙwabciya ce, tsohuwar malamar makaranta da ɗanta ya mutu a yaƙin Biyetnam, wadda ta zauna da ita tana koya mata harshe cikin haƙuri da girmamawa.

A nan ne maganar ta iso ƙofar ajinmu. Fiye da shekara goma ke nan rikici a arewa maso gabas, da kuma ta'asar 'yan bindiga a arewa maso yamma, suna koro iyalai daga garuruwansu, kuma 'ya'yansu suna zaune a gabanmu. Wani Kanuri ko Margi ne harshensa, Hausarsa ba ta nuna ba balle Ingilishi. Wani ya yi shekara biyu ko uku ba ya makaranta, ya girmi 'yan ajinsa. Sau nawa muka gabatar da irin wannan yaro da cewa ga ɗan gudun hijira, a tausaya masa, muka ɗora masa sunan da zai bi shi har filin wasa? Sau nawa muka auna basirarsa da harshen da bai iya ba, muka yanke masa hukuncin rashin ƙoƙari? Sau nawa muka ambaci garinsu a aji ba tare da mun haɗa shi da kisa ba? Yaron nan ya san kasuwar garinsu, da rafin da suke wanka, da waƙar da kakarsa ke yi masa, da irin tuwon da ba a yi a nan. Malamai biyu ne a littafin Thanhha Lai, dukansu masu son alheri, amma ɗaya ta ga bala'in da ya koro yarinyar, ɗayar ta ga yarinyar kanta. Kowannenmu ya san wadda ya fi kama da ita a cikinsu.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma hujjojinsu ba na yarwa ba ne. Na farko zai ce, makarantar da ɗalibai biyar ke raba littafi ɗaya ina ta ga ta adabin wata ƙasa mai nisa? Gaskiya ne, kuma ba mu ce a sauya manhaja ko a ɗora wa iyaye sayen sababbin littattafai ba. Da malami muke magana. Kwafi ɗaya da zai zagaya ɗakin malamai ya isa ya sauya yadda mutum goma ke kallon ɗalibansu. Nisan ma yana da amfaninsa. Idan aka taɓo rikicin gida, kowa sai ya ja wa ƙabilarsa ko yankinsa, tunani ya tsaya. A kan Biyetnam ba mu da ɗan'uwa a Arewa ko a Kudu, don haka muna iya kallon yadda yaƙi ke lalata kowane ɓangare ba tare da zuciya ta rufe mana ido ba. Wanda ya koyi adalci a kan rikicin nesa zai fi iya yin sa idan ya juyo gida, ga misali a kan yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, wanda aka yi a daidai shekarun da wutar Biyetnam ke ci.

Na biyu zai ce, ai waɗannan lambobin yabo Turawa ne ke bayar da su, ƙasar da ta yi ruwan bama-bamai ita ce kuma ta dawo tana karrama mai ba da labarin. Wannan magana akwai ƙanshin gaskiya a cikinta. Uku daga cikin littattafai huɗun da muka ambata da Ingilishi ko Faransanci aka rubuta su, na huɗun kuma sai da aka fassara shi kafin duniya ta waiwaye shi. Manomin da ya rasa iyalinsa a ƙauye, da matar da ta nitse a teku, da mutanen Lawos da Kambodiya da yaƙin ya malala kansu, akasarinsu ba su bar rubutu ba. Saboda haka kuskure ne a ɗauki littafi ɗaya a ce shi ne muryar Biyetnam. Amfanin lambar yabo shi ne ta sa a fassara littafi, a buga shi da yawa, har ya iso hannun irinmu. Hukuncin ingancinsa kuwa yana wuyan mai karatu. Hanyar tsira ita ce a karanta su tare: sojan Arewa, da ɗan leƙen asiri mai fuska biyu, da 'yar masu kuɗin Saigon, da yarinya mai bishiyar gwanda. Inda suka saɓa wa juna, a nan mai karatu ke fara hango girman abin da ya faru.

Na uku zai ce akwai abubuwan da ba su dace da tarbiyyarmu ba a cikin waɗannan littattafai. A nan ba za mu yi ɓoye-ɓoye ba. Littafin Viet Thanh Nguyen da na Bao Ninh na manya ne. Akwai shaye-shaye da batsa da azabtarwa da cin zarafin mata a cikinsu, kuma ba mu ba da shawarar a miƙa su ga ɗalibi ba. Malami baligi mai hankali shi zai karanta, ya tace, ya ɗauki abin da zai amfane shi. Na Thanhha Lai kuwa domin yara aka yi shi, Ingilishinsa mai sauƙi ne, malamin ƙaramar sakandare zai iya karanta shi ya ba wa aji labarinsa da Hausa. Sai dai mu lura da wani abu: finafinan da muka kalla muna yara cike suke da kisa, ba wanda ya hana mu, domin an yi wa kisan ado har ya zama abin sha'awa. Littafin da ya nuna munin yaƙi yadda yake bai kai wanda ya ƙawata shi haɗari ga tarbiyya ba.

Jigon rabuwa da gida ba baƙo ba ne a adabinmu. Duk wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa ya san yaron da aka sace aka ƙetara da shi hamada, da uwar da ta bi sawunsa har ƙarfinta ya ƙare. Abin da muke fata shi ne a samu masu rubuta hijirar wannan zamani da irin wannan gaskiya, kuma masu rubutawar suna zaune a azuzuwanmu yanzu. Viet Thanh Nguyen yana da shekara huɗu lokacin da ya bar gida, sai bayan shekara arba'in littafinsa ya fito. Kim Thúy ta yi shekara talatin kafin ta rubuta nata. A tsakanin barin gida da rubutun akwai makaranta, akwai ɗakin karatu, akwai wanda ya koya musu haɗa jimla. Ba mu san wanne daga cikin yaran da ke zaune a bayan aji, shiru, da tsohuwar riga, zai zama mai ba da labarin abin da ya faru da mu ba. Idan ba su rubuta ba wani zai rubuta musu, kuma mun riga mun ga yadda hoton mutum ke fita idan baƙo ne ya zana shi.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa da abubuwa kaɗan da ba su buƙatar kasafin kuɗi. Duk lokacin da za mu koyar da wani yaƙi, na kusa ko na nesa, mu tambayi aji wane ne ke ba da wannan labari, wane ne kuma ba a ji bakinsa ba. Idan sabon ɗalibi ya zo daga garin da rikici ya tasa, mu kira shi da sunansa, mu gwada saninsa da harshen da ya fi iyawa kafin mu yanke masa matsayi. Kada mu tilasta masa ba da labarin abin da ya gani, domin wani ciwon ba a taɓa shi a bainar jama'a. A darasin insha'i mu ba kowa damar rubuta abin da ya fi so a garinsu, mu bar shi ya zaɓi abin da zai faɗa da abin da zai riƙe. Malaman harshe da ke cikinmu kuma su yi tunanin fassara irin waɗannan littattafai zuwa Hausa ta hanyar da doka ta tanada, domin abin kunya ne a ce yaranmu sun san Rambo ba su san Hà ba. Waɗanda suka samu kwafin ɗaya daga cikin littattafan nan su kawo shi ɗakin malamai, a karanta, a yi muhawara, ko da ba a yarda da mu ba.

Allah ya mayar da kowane ɗan gudun hijira gidansa lafiya, ya kuma ba mu ikon riƙe amanar waɗanda aka damƙa mana kafin ranar komawar.